Kaza Garin Tone-tone

Shekara 11 muna tare da uwargida. Da a ce wani ya tambaye ni ko na santa, da kallon banza kawai zan yi masa. Na san tarinta ko daga bayan ƙofa. Na san shirunta iri uku ne: na gajiya, na tunani, da wanda ke nufin gara in nemi wurin zuwa. To me kuma ya rage?

Wani dare ina ta latse-latsen waya na ci karo da labarin wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Arthur Aron. A 1997 shi da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka zaunar da mutanen da ba su san juna ba, biyu-biyu, suka ba su tambayoyi 36 su yi wa juna cikin minti 45. Tambayoyin rukuni uku ne, ana farawa da marasa nauyi ana ta nutsewa. Da aka tashi, waɗannan sun fi jin kusanci da juna fiye da waɗanda aka bari da hirar yaya gida yaya aiki. Na ce kai, in baƙi za su shaƙu a minti 45, ai ni da uwargida sai dai mu narke.

Ban yi shawara da kowa ba. Washegari na kwafe tambayoyin a takarda, na jira yara suka yi barci, na kashe talabijin, na jawo kujera na zauna gabanta kamar mai ɗaukar ma'aikata.

"Uwargida, in aka ce ki gayyato mutum ɗaya a duk duniya ku ci abinci tare, wa za ki kira?"

Ta dube ni, ta dubi takardar. "Maigida, me ka yi?"

"Ban yi komai ba, hira ce."

"Hira da takarda?"

Ganin abin bai kama ba, sai na tsallake zuwa ta bakwai don mu yi saurin nutsewa. "Kina da wani zato a ranki game da yadda za ki mutu?"

Zumbur ta miƙe tana salati. "Ka je asibiti ne? Me likita ya ce? Ni ce ko kai?" Sai da na yi rantsuwa uku kafin ta koma ta zauna, shi ma a bakin kujera, idonta kan ƙofa.

Na dawo ta huɗu. "Wace rana ce za ki ce ta cika miki cif, ba abin da ta rasa?"

Nan ta yi shiru, irin na tunani. "Ranar da zan fara magana in..."

"Ki huta, ko? Na sani! Ai ni ma abin da nake..."

"...in kai ƙarshenta ba ka ƙarasa mini ba."

Na ce ni ba na katse mutane. Ta ce, "Ai yanzu ma..." Na ce wannan ba katsewa ba ce, taimako ne.

Abin ya tsaya mini a rai. Na koma waya neman hujjar da za ta wanke ni, sai na tarar da Tasha Eurich, wata mai bincike kan sanin kai. Ita ta ce kusan kashi 95 cikin 100 na mutane suna ganin sun san kansu, alhali kashi 10 zuwa 15 ne kacal suka sani da gaske. Wallahi abin da na fara ji shi ne tausayin sauran jama'a. Shawararta ita ce ka tambayi masu ƙaunarka waɗanda ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya. Na ce madalla, shaidu ma nake nema.

Na kira ƙanena. "In tambaye ka mana, me nake yi da ke ba ka haushi?"

"Yaya, wayarka da caji?"

"Da akwai."

"To na farko, ba ka barin mutum ya..."

"Ya yi abin da yake so? Ai don ina yayanka ne."

"Ka gani ko?" Ya kashe.

A ofis na ja wani abokin aikina gefe. Ya yi ta sosa ƙeya, daga ƙarshe ya ce shekara 6 ke nan sunana a wurin "A Taƙaice", saboda da zarar na ce "a taƙaice dai" kowa ke gyara zama. Har masinja ya san sunan. Ni kaɗai ne ban sani ba, kuma na sha jin ana cewa "A Taƙaice ya iso", ina tsammanin wani rahoto ne.

Wadda ta ƙarasa ni 'yata ce mai shekara 7. "Abba, in na fara ba ka labarin makarantarmu, kullum da labarin makarantarku ake gamawa."

Na kwana biyu ina kumbure-kumbure, ba kuma wanda ya lura, don kowa ya samu filin magana. A nan ne na karanta wani bincike na jami'ar Harvard na 2017, wanda ya nuna mutane sun fi son mai yi musu tambaya, musamman tambayar da ta fito daga cikin abin da suka gama faɗa. Na tuna daren takarda. Tana ba da amsa, idona na kan tambaya ta gaba, bakina na shirya tawa amsar. Ashe ni tambaya nake yi don in samu ƙofar shiga.

Rannan da yamma, ba takarda, na ce, "Uwargida, yaya aiki?"

"Lafiya lau, sai dai..."

Ƙarashe huɗu suka taso mini lokaci guda. Na cije leɓe, na tura hannuwa ƙarƙashin cinya, babban yatsan ƙafata na ta rawa shi kaɗai. Da ƙyar na ce, "Sai dai me?"

Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne, sannan ta fara. Ashe wata 8 ke nan tana son komawa karatu. Sau biyu tana cike fom a kwamfuta tana gogewa, tana tsoron kanta ya daskare. Ta ma taɓa fara gaya mini bara. Ta ce, "Ina so in koma...", na ce, "Gida ki gaida su Mama? Allah Ya kiyaye hanya." Haka ta haɗa kaya ta yi mako guda, ni kuma ina nan ina yaba wa kaina da fahimtar mata.

Minti 40 tana magana, abin da na furta bai wuce "sai me ya faru?" da "yaya kika ji?" ba. Leɓena har ya kumbura. Da za mu kwanta ta juyo tana murmushi.

"Maigida, ka san abin da ya fi burge ni a..."

"A hirar nan? Ai masana ne a Harvard suka gano cewa..."

"A shirunka," ta ce, ta kashe fitila.