Mai amsa waya ma cinikayyar duniya ce ta kore shi, me ya hana a tallafa masa?

Tun 1962, zamanin Shugaba Kennedy, Amurka ke da wani shiri da suke kira TAA, na tallafa wa ma'aikatan da cinikayya da ƙasashen waje ta raba da aikinsu. Hikimar a fili take, gwamnati ce ta buɗe ƙofa kayan waje suka shigo da araha kowa ya ji daɗi a kasuwa, to wanda masana'antarsu ta durƙushe dalilin haka sai a share masa hawaye. A biya masa kuɗin koyon sabuwar sana'a, a riƙa ba shi alawus yana karatun, a dokar 2015 har tsawon mako 130, in kuma ya kai shekara 50 ya samu aikin da albashinsa bai kai na da ba sai gwamnati ta cike masa rabin giɓin, har dala dubu 10 cikin shekara 2.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa ya cancanta. Shekara da shekaru dokar ta tsaya kan cewa sai kamfanin da ke sarrafa kaya, wato abin da za ka iya ɗauka ka sa a kwali. Mai ɗinkin wando da aka mayar da injinansu Meziko yana ciki. Amma matar da ta shekara goma da abin sauraro a kunne tana amsa kiran kwastomomin banki, rana ɗaya aka tara su aka ce an mayar da sashen Manila ta ƙasar Filifin ko Bangalor ta Indiya, wasu ma sai da aka sa su koya wa magadansu aikin kafin a ba su kuɗin sallama, ita kam in ta rubuta wa ma'aikatar ƙwadago amsar da za ta samu ita ce ai ke ba ki ƙera komai ba. Masu rubuta manhajar kwamfuta sai da suka kai ƙara kotun cinikayya da ke New York, aka yi ta jayayya wai shin manhaja kaya ce in ba a faifai aka sa ta ba. Haba jama'a.

Sai a 2009 cikin dokar farfaɗo da tattalin arziki ta Obama aka shigar da masu aikin hidima, amma da wa'adi. Farkon 2011 wa'adin ya cika aka fitar da su, Oktoban shekarar aka maido su, 2014 aka sake fitarwa, 2015 aka sake maidowa, Yulin 2021 aka kuma fitar da su. Kenan mutum biyu masu aiki iri ɗaya, wanda aka kora a Disamba ya samu, na Janairu ya tashi a tutar babu. Ni a ganina wannan ya ma fi hanawar gaba ɗaya cin rai, don ya nuna 'yan majalisa sun yarda mutanen sun cancanta, kawai dai sun mayar da su abin ciniki ne duk lokacin da ake neman ƙuri'ar amincewa da wata yarjejeniyar kasuwanci.

Masu adawa suna da hujja, ba zan ce babu ba. Suna cewa ina za a tsaya? Kayan da suka shigo ta tashar jirgin ruwa kwastam na da lissafinsu, aikin da ya bi ta intanet kuwa da wuya ka tabbatar ko waje ya tafi ko na'ura ce ta cinye shi. Gaskiya ne. To amma sau da yawa kamfanin da kansa yake sanar da cewa ya koma Indiya, wace shaida kuma ake nema bayan wannan? Kuma wahalar bincike ta ma'aikatar gwamnati ce, bai kamata a ɗora ta a kan wanda aka kora ba. Tarayyar Turai tana da irin wannan asusun tun 2007 kuma ba ta ware masu aikin hidima ba.

Wanda ya san Kakuri a Kaduna bayan rufe masaƙu ya san ba masu aikin saƙa kaɗai suka shiga uku ba, har da mai abinci da mai shayin bakin get da direban bas. Irin waɗannan ko a shekarun da dokar Amurkan ta fi faɗi ba su shiga ba.

Yanzu ma maganar ta wuce nan, tun 1 ga Yulin 2022 shirin ya daina karɓar sabbin buƙatu daga kowa, har 'yan masana'antar, saboda majalisa ba ta sabunta shi ba. Abin da ake ta yi wa ma'aikata alkawari da shi yau shi ne harajin kayan waje na Trump. Ko da harajin ya yi aiki, ma'aikatan masana'antu ba su kai kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan Amurka ba, kuma babu jami'in kwastam da zai tare kiran wayar da aka amsa a Manila ya ce a biya haraji.