Ɗakin gwaji ba ya ganin gubar da ba a aike shi nema ba

A shekarar 2008, jarirai kimanin 300,000 a ƙasar Sin sun kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha madarar gari mai ɗauke da sinadarin melamin, aka kwantar da fiye da 50,000 a asibiti, aƙalla shida suka rasu. Abin da ya fi cancantar nazari a wannan musiba shi ne, madarar ta bi ta hannun masu gwaji, kuma ta ci jarrabawa.

Gwajin da aka saba yi wa madara ba ya auna furotin kai tsaye. Yawan naitirojin yake aunawa, sannan a yi lissafin furotin daga nan, bisa hanyar da Johan Kjeldahl ya ƙirƙiro tun 1883. Masu tara madara daga makiyaya sun san wannan sarai. Sai su tsarma ta da ruwa don ta yi auki, su zuba melamin, wato sinadarin da ake yin farantai da kofuna da shi, wanda kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne, nan take sakamako ya nuna madara mai kyau. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ta amsa. Abin takaici kuma, shekara guda kafin nan, a 2007, wannan melamin ɗin ya kashe karnuka da kyanwoyi a Amurka ta cikin abincinsu da aka haɗa da kayan da aka shigo da su daga Sin, amma gargaɗin bai kai ga kare jariran da kamfanin Sanlu, ɗaya daga cikin masu yin waccan madarar gari a Sin, ke sayar wa madara ba.

A nan gurɓatar da ta faru bisa tsautsayi ta bambanta da wadda aka yi da gangan. Ƙwayar cuta ba ta san abin da ma'aikacin ɗakin gwaji yake nema ba, amma ɗan algus ya sani, kuma sinadarin da ba ya cikin jerin shi zai zaɓa. Saboda haka hukumar da ta taƙaita ga auna abubuwa goma sha biyu da aka rubuta mata a takarda kullum tana bayan mai laifi da taki ɗaya.

Ko Amurka, wadda bayan harin 2001 ta haɗa ɗakunan gwajin tarayya da na jihohi a cibiya guda mai suna FERN domin tunkarar irin wannan barazana, ba ta tsira ba. A 2023 aka gano dalma mai yawa a cikin markaɗaɗɗen tuffa mai kirfa da ake ba yara, wanda aka sarrafa a Ekwado, kuma ba a tashar shigo da kaya aka kama shi ba. Jami'an lafiya a jihar Karolina ta Arewa ne suka ga dalma ta yi yawa a jinin wasu yara, suka bi sawu har zuwa abin da suke ci.

Mu ma mun ɗanɗana irin wannan. A 2021 ɗaruruwan mutane a Kano suka kwanta suna amai da fitsarin jini bayan shan lemon haɗi, wasu suka rasa rayukansu, daga baya hukumar NAFDAC ta ce abin da aka sayar da sunan ɗan tsami wani sinadarin masana'antu ne daban. Mai haɗa lemon ya sayi farin gari a ƙullin leda, kamar yadda ya saba, ba shi da hanyar bambance shi da na gaskiya sai da ido da harshe. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda maganin ƙwari nau'in dikilobos, irin wanda ke cikin Sniper. Ɗakunan gwajin Turai ne suka faɗa mana abin da ke cikin waken da muke dafa wa 'ya'yanmu.

Za a ce na'urorin da ke iya tace abinci su zaƙulo baƙon sinadari ko da ba a ambaci sunansa ba suna da tsada, suna buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa da ƙwararrun da za su zauna a bakin aiki, kuma babu ƙasar da za ta iya gwada kowane buhu. Duk gaskiya ne. Sai dai ba kowane buhu ake buƙatar gwadawa ba. Abin da ke tsorata ɗan algus shi ne rashin sanin ranar da za a zo da abin da za a nema, don haka a ganina ya fi amfani jami'ai su riƙa sayen samfur a asirce a Dawanau da kasuwar Singa, su mai da hankali kan kayan da ha'inci ya fi riba a cikinsu, irin su manja da ake rinawa don ya ƙara ja, da garin yaji, da madara, da zuma.

Ɓangaren da ya fi araha kuma shi aka fi sakaci da shi, wato haɗa asibiti da ɗakin gwaji. Idan likita a asibitin Murtala ya ga mutum biyar daga unguwa ɗaya da alamar guba iri ɗaya, ya kamata a ce akwai lambar da zai kira, da motar da za ta ɗauki jini da ragowar abincin a ranar, da ɗakin gwajin da zai ba da amsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka nan duk buhun sinadarin masana'antu da ya shigo ta Apapa ya kamata a iya bin sawunsa daga mai shigo da shi zuwa ɗan kasuwar da ya kwance shi ya ƙulla a leda, domin a wannan gaɓar ce sunan da ke jikin buhun yake ɓacewa.