Ɗaliban kasuwanci, ku iya lissafin dizal kafin ku fita neman aiki

Ƙannena masu karatun kasuwanci da akanta a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da harabar Kongo ta ABU Zariya da Kaduna Poli, maganar ɗorewar sana'a da kare muhalli ta riga ta shiga littafin akanta. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya gindaya wa bankuna ƙa'idoji tara, ciki har da duba illar da harkar mai neman bashi za ta yi wa muhalli da jama'a. A Yunin 2023 aka fitar da ma'aunan IFRS S1 da S2, wato ƙa'idojin duniya na yadda kamfani zai ba da rahoton ɗorewa da sauyin yanayi, kuma jadawalin hukumar FRC, mai kula da rahoton kuɗi na kamfanoni a Najeriya, ya wajabta wa manyan kamfanoni bin su daga 2028. Yawancinku haka za ku tarar da ofis.

Haddace muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya zai ba ka maki a jarrabawa, amma manaja ba zai tambaye ka su ba. Rasidan dizal na wata uku zai turo maka da takardar kuɗin wuta, ya ce faɗa mini nawa yunit ɗaya yake tsaya mana.

Ga yadda ake yi. Lita ɗaya a janareta mai lafiya tana ba da yunit 3 zuwa 3 da rabi. A ce lita naira 1,200 ce, yunit ya kai wajen naira 400 ke nan, ba a ma sa baƙin mai da filta da ladan makaniki ba. Ka ajiye wannan kusa da naira 225 da aka yanka wa 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, sai ka gane dalilin da mai masana'anta ke kuka da ɗauke wuta fiye da tsadarta. Wannan litar dai tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Masana'antar da ke ƙona lita 2,000 a wata tana sakin tan 5.4. Rasidi ɗaya ya ba ka kuɗi, ya ba ka hayaƙi. Abin da kuka ƙona da kanku rukuni na ɗaya ne a rahoton hayaƙin da kamfani ke fitarwa, wutar da kuka saya rukuni na biyu, na masu kawo muku kaya da masu dako rukuni na uku, kuma shi ne mai wahalar tarawa.

Inda sababbin ma'aikata ke zamewa sananne ne. Wani ya ga 100 kVA a jikin injin ya ɗauka kilowat 100 ne, alhali 80 ne. Wani ya rubuta naira ya bar lita, to farashi kullum motsi yake, ba za ka taɓa sanin ko shan mai ne ya ƙaru ko kasuwa ce ta tashi ba. Mafi muni shi ne ɗaukar abin da aka saya a matsayin abin da aka ƙona. A auna tanki ranar farkon wata da ranar ƙarshe, a rubuta awannin da mitar injin ta nuna. Idan lita ta fi ƙarfin aikin da aka yi, ko dai ana zuƙe man da tiyo, ko kuma babban inji ne ke jan ƙaramin kaya. Janaretan da ke aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa mai yake ɓarnatarwa, yana kuma tara baƙin dauɗa a salansa. Duk wanda ya san yadda tsadar wuta da fasa-ƙwauri suka rufe masaƙun Kakuri a Kaduna ba zai raina wannan lissafi ba.

Masu sha'awar harkar amfanin gona ku tuna da wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Ɗan kasuwa ya zuba magani don ceton buhu, ƙasa ta rasa kasuwa. Wanda zai yi wa kamfani sayen masarar Saminaka ko cittar Kachia dole ya san auna danshi, ya san masara ba ta shiga sito sai danshinta ya sauka wajen kashi 13 cikin ɗari, ya san buhu mai rufi uku yana kashe ƙwari ba magani, ya kuma riƙe rajistar wane manomi ya kawo wane buhu.

Malamai 'yan'uwa, manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da kanta. Kwas ɗaya na surutu a aji huɗu ba zai yi komai ba. A cusa wannan lissafi cikin darasin ƙiyasin kuɗin sarrafa kaya da na binciken asusu.

Ku kuma ɗalibai, maimakon rarraba takardar tambayoyi ɗari a aikin kammalawa, ku nemi gidan burodi ko injin casar shinkafa ko masana'antar ruwan leda a unguwarku. Ku roƙi izinin mai shi, ku yi masa alkawarin sakaya sunansa, ku bi lita da yunit da buhunan da suka lalace na mako takwas. Ku taƙaita sakamakon a shafi ɗaya: nawa ake asara, me za a gyara, a wata nawa gyaran zai mayar da kuɗinsa. Wannan shafin ku haɗa shi da takardar neman aiki.