Kafin a yi wa Yawuri wurin shaƙatawa a tsakiyar kogi, a fara jin ta bakin Gungawa

Duk ɗalibin da ya yi karatu a Azhar ya dawo, in hira ta yi nisa sai ya kawo maka zancen Jazira, tsibirin nan da ke tsakiyar Kogin Nilu a birnin Alƙahira. Wani ƙanena ma haka ya ishe mu da shi. Daga dandalin Tahrir za ka taka gadar Ƙasrun Nil mai gumakan zakuna, kafin ka ankara ka tsinci kanka cikin lambuna. Ga hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187 da aka kammala a 1961 zamanin Jamal Abdunnasir, ga hedikwatar ƙungiyar ƙwallo ta Al Ahly, ga fadar da Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar na lokacin, ya gina wa baƙin bikin buɗe mashigin Suwez a 1869, wadda yanzu ta koma otal. Da ya gama sai ya ce, "Yaya, mu da muke da Kogin Neja a ƙofar gida, me ya hana mu?"

Tambayarsa tana kan hanya. A Jihar Kebbi babu garin da ya kai Yelwan Yawuri dacewa da irin wannan. Ruwa ga shi har iya ganinka, gungaye ga su, kasuwar kifi ga ta, sannan ga bikin Rigata da ke tara jama'a kallon tseren kwalekwale. Tarihi ma bai bar garin a baya ba, don a 1830 Bature mai bincike Richard Lander da ɗan'uwansa sun sauka a Yawuri suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya riga su bin Kogin Neja ya halaka a Busa. Mutumin Birnin Kebbi ko Zuru da ke son kai iyalinsa shan iska ranar hutu zai samu abin gani.

Sai dai akwai ɓangaren labarin Alƙahira da ƙanen nawa bai cika faɗa ba. Babban fili mai ciyawa a tsibirin Jazira na wani kulob ne da Turawan Ingila suka kafa tun 1882, kuma har gobe sai mai katin zama mamba ke shiga. Talaka sai dai ya leƙa ta shinge. Can arewa kaɗan kuma, a tsibirin Warraƙ, lokacin da hukuma ta zo rushe gidaje a 2017, an yi arangama da mazauna wurin har aka rasa rai. Wato shi tsibiri, da zarar masu kuɗi sun gane yana da kyau, wanda ya gaji wurin shi ake fara yi wa kallon baƙo.

Mu kuwa mun taɓa ganin irin wannan. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe, sunansu ma daga gungu ya samo asali, wato mutanen tsibiri. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsibirai da gonaki, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin matsugunai a tudu. Mutanen da suka gwanance wajen noman albasa a bakin ruwa da kamun kifi aka ce su koma su sake koyon zama. Wutar da aka samu ta haskaka manyan birane, su kuma aka bar su da labarin kufai a ƙarƙashin ruwa. To yanzu a zo a sake cewa su matsa don a kafa lilo da rumfar shan lemo? Ba na jin akwai mai adalcin da zai goyi bayan haka. In za a yi, a zauna da masarautar Yawuri da dagatai da sarakunan ruwa, a zaɓi gungun da ba gona ba ce ba kuma makabarta ba. Fito, sayar da gasasshen kifi, zagayawa da baƙi, duk a bar su a hannun 'yan ƙasa, kuma a rubuta hakan a takarda tun kafin ɗan kwangila ya sauke buhun siminti ko ɗaya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Mutumin Alƙahira da ƙafa yake shiga tsibirinsa, mu sai da jirgi. Kowa a yankin nan yana tune da watan Mayun 2021, lokacin da jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma kaɗan ne suka tsira. Lodi fiye da ƙima, tsofaffin jiragen katako, kututturen itatuwan da tafkin ya binne, ga rashin rigar kariya, su ne dai ake ta lissafawa duk lokacin da aka yi irin wannan rashi. Ga dorina kuma, wadda masunta suka san halinta. Gwamnatin da ba ta iya tilasta wa mai jirgin kasuwa ya rage fasinja ba, da wane ido za ta gayyaci 'yan makaranta yawon buɗe ido a tsakiyar ruwa? A fara gyara tashar jirgi, a sa mai ƙirga fasinja, a wajabta rigar kariya ga 'yan kasuwa da masu zuwa biki baki ɗaya. Ko ba a yi wurin shaƙatawa ba, wannan hakki ne.

Game da gini kuwa, a yi hattara da son a burge. Ruwan Kainji yana cika yana janyewa kowace shekara, inda ka tsaya a busasshe yau, bayan 'yan watanni sai da kwalekwale. Hasumiya ba tamu ba ce. Itatuwan inuwa, bencina, wurin alwala da salla, bandaki mai tsabta da wanda zai riƙa share wurin ana biyansa a kan kari sun wadatar. Mun ga yadda filin Matan Fada na Argungu ke cika maƙil kwanakin bikin kamun kifi, sannan ya koma tsit sauran shekara, har aka taɓa shafe kusan shekara goma ba a yi bikin ba kafin a dawo da shi a 2020. Ni dai da a ce za a ba ni zaɓi, na fi son gungu ɗaya mai inuwa da za a iya zuwa kowace Juma'a da yamma, kuɗin fito ya shiga aljihun Bagunge.