Bakassi: ƙaramar hukuma a takarda, mutanenta a kan ruwa

Duk lokacin da watan Agusta ya kama sai ka ji an taso da maganar Bakassi, wasu na cewa Obasanjo ne ya sayar, wasu na cewa a'a Gowon ne ya yi kyauta da ita tun zamanin yaƙin basasa, sai a yi ta cacar baki a Facebook kwana biyu a watse. Ni kam na gaji da wannan musun, don shari'a ta ƙare tun 10 ga Oktoba 2002 da Kotun Duniya da ke Hague ta ce yankin na Kamaru ne, kuma damar neman a sake duba hukuncin ta shekara 10 ce, ta wuce a Oktoban 2012 gwamnatin Jonathan ba ta nema ba. Abun da ya fi damuna shi ne yadda muka yi da mutanen wajen bayan an gama.

Wanda bai taɓa zuwa kudu maso kudu ba zai ɗauka Bakassi wani fili ne da za ka iya kafa turaku ka ce daga nan zuwa nan nawa ne. Ba haka ba ne fa. Tarin ƙananan tsibirai ne da laka da rafuka masu shiga juna, tsakanin bakin Kogin Kuros ta yamma da bakin ruwan Rio del Rey na Kamaru ta gabas, ga kogin Akwayafe ya ratsa ta gefe, itatuwan wajen kuwa irin waɗanda ke tsiro cikin ruwan gishiri ne, saiwoyinsu a waje kamar sun tsaya a kan ƙafafu. Sau biyu a rana teku ke cikowa ta janye, inda ka ɗaure kwale-kwale da safe kafin azahar ka tarar da shi zaune a kan taɓo. Ruwan sama kuma ba a magana, abin da ke sauka a Kalaba a shekara ya ninka na Kano wajen sau uku. Gidaje a kan turaku, hanya babu sai ta ruwa, asibiti sai ka biya mai inji ya kai ka.

Mutanen wajen yawanci Efik ne da Ibibio da Oron, masunta, kuma masunci ba ya bin layin taswira, kifi yake bi. Na taɓa zama a Bogobiri, unguwar Hausawa ta Kalaba, wajen wani mai sarin busasshen jatan lande yana auna wa masu kai wa arewa a buhu, warin nan ya kama rigata har washegari, da na tambaye shi daga ina kayan sai ya nuna kudu da haɓa ya ce daga ruwa. Bai ce Najeriya ba bai ce Kamaru ba. Wannan amsar ta fi min bayanin lauyoyi da yawa.

Toh amma kotu da takarda take aiki. Kamaru ta kai ƙara a 1994 bayan sojojinmu sun shiga yankin a ƙarshen 1993, ta riƙe yarjejeniyar Ingila da Jamus ta Maris 1913 wadda ta sa Bakassi a ɓangaren Jamus, mai mulkin mallakar Kamaru a lokacin, ta haɗa da sanarwar Marwa ta 1975 da Gowon da shugaban Kamaru Ahidjo suka sa wa hannu kan iyakar ruwa. Mu kuma muka ce ai sarakunan tsohuwar Kalaba kariya kawai suka nema wajen Ingila a 1884, ba su ba ta ƙasa ba balle ta bayar, kuma mutanenmu ne a zaune. Hujja ce mai shiga rai, kotu dai ba ta karɓa ba. Sai yarjejeniyar Greentree kan yadda za a miƙa yankin, a 12 ga Yuni 2006 tsakanin Obasanjo da Paul Biya gaban Kofi Annan, sai miƙawa a Kalaba ran 14 ga Agusta 2008 lokacin marigayi 'Yar'aduwa, wa'adin shekara 5 na riƙon ƙwarya ya cika a 2013. Shi ke nan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abacha ya ƙirƙiro ƙaramar hukumar Bakassi a 1996 da hedikwata a Abana, kuma har yau in ka buɗe kundin tsarin mulkin 1999 za ka ga sunanta cikin ƙananan hukumomi 774, ƙarƙashin jihar Kuros Riba. Abana kuwa tana hannun Kamaru. Da aka rasa ƙasar sai aka yanko ɓangaren Ikang daga Akpabuyo aka ce nan ce sabuwar Bakassi, ciyaman yana nan, kansiloli suna nan, kason wata-wata daga Abuja bai fasa zuwa ba, wato an ceci ofis da kujera tun kafin a tambayi masuncin da ya baro ragarsa ina zai kwana. Wasu daga cikin waɗanda suka dawo azuzuwan firamare aka zuba su a Akpabuyo, shekaru suna nan. Mutumin da tun yana yaro hannunsa na kan filafili ka kai shi tudu ka ce ya yi noma, wallahi ko ka ba shi gida mai rufin kwano ba ka tsugunar da shi ba, shi ya sa da yawa suka koma ruwan da suka sani, yanzu a matsayin baƙi, da takardar zama da haraji da jandarma.

Kamaru ma ba wai ta iya ba ne. Ta sa yankin ƙarƙashin sashen mulki na Ndian a Kudu maso Yammacin ƙasar, mai hedikwata can Mundemba, ta raba shi gundumomi irin su Isangele da Idabato da Kombo Abedimo, amma kafa tuta da ofishin jandarma daban, kai malamin makaranta da ungozoma cikin rafi daban, ga rikicin 'yan aware na yankin masu Turancin Ingilishi da ya taso tun 2016 ya ƙara dagula lissafi.

Jihar Kuros Riba kanta ta sha nata, a 2012 Kotun Ƙoli ta ce tunda Bakassi ta tafi jihar ba ta da bakin teku, rijiyoyin mai 76 suka tabbata na Akwa Ibom, kason kashi 13 cikin 100 da ake ba jihohi masu arzikin mai ya tsaya. Ka lura da kyau, ƙarar rijiyoyi an bi ta har Kotun Ƙoli da manyan lauyoyi, maganar masunta kuwa kwamiti ne bayan kwamiti.

Mu a arewa kada mu ce abin nesa ne, hukuncin 2002 ɗin nan shi ne ya taɓa Tafkin Chadi, a ƙarshen 2003 aka miƙa Darak da ƙauyuka sama da 30 ga Kamaru, su ma masunta ne da suka bi ruwa yana janyewa har suka tsallake layi ba su sani ba. Wa ya ƙara tambayar su?

Na san za a ce ai Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da miƙawar tun a 2007, kuma sashe na 12 na kundi ya ce yarjejeniya da ƙasar waje ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita doka. Gaskiya ne. To majalisar nan ta yi gyaran kundi sau nawa tun daga lokacin, me ya hana ta zauna ta fayyace ina ne Bakassi a yau, iyakarta ina, mazaɓunta nawa, kuma kuɗin da ke zuwa da sunanta wa ake wa aiki da shi? In da ni ne, kafin a ƙara gina sakatariya, mashigar jirgi za a fara yi a bakin ruwa ta ɓangarenmu, da rumfunan banda kifi da ɗakin shan magani a kan kwale-kwale, sannan ofishin jakadancinmu na Buea a Kamaru ya riƙa leƙa waɗanda suka zauna can yana riƙe da kwafin Greentree, tunda a ciki Kamaru ta yi alkawarin ba za ta kore su ko ta tilasta musu canza ƙasa ba.