Fisiyoloji ba juji ba ne

Tun da sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a suka fara fita, aka dawo da tsohuwar waƙar nan a Facebook da teburan mai shayi: wai akwai kwasa-kwasan banza, kuma fisiyoloji ne a sahun gaba. Wai juji ne da ake zuba yaran da makinsu bai kai na likitanci ba. Da a waya abin ya tsaya da na yi shiru. Sai ga shi makon jiya a Tudun Wada na tarar da 'yar yayata idanu sun kumbura da kuka, takardar gurbin karatunta na fisiyoloji yashe a kan tabarma. Uwarta ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, gaya mini, wannan abin da aka ba ta, za ta duba marasa lafiya ko kuwa?" Na ce, "Yaya, mai duba marasa lafiyar ma sai ya bi ta hannun irinta."

Ba lallashi na yi ba. Babu ɗalibin likitanci da zai taka ɗakin majiyyata sai ya ci jarrabawar fisiyoloji, wato ilimin yadda zuciya ke harba jini, yadda ƙoda ke tace shi, yadda jiki ke sarrafa sugan da muka sha.

Masu wannan raini su je su karanta tarihin Bernardo Houssay. An haife shi a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina a 1887. Yana ɗan shekara 14 ya shiga makarantar harhaɗa magunguna, ya wuce ya karanta likitanci, kuma a 1910 ya fara koyar da fisiyoloji a makarantar likitocin dabbobi. A nan nake so a tsaya: mutumin nan yana da takardar likitan da iyayenmu ke mafarki, amma ya ajiye duba marasa lafiya ya tare a ɗakin gwaji. Ya yi aiki a kan dafin macizai, abin da duk wanda ya san halin da manoman Kaltungo ke shiga da damina zai gane darajarsa. A 1919 ya zama farfesan fisiyoloji a Jami'ar Buenos Aires.

Babban aikinsa a kan ciwon suga ne. An riga an san cewa idan aka cire wa kare fankiriyas, wato sashen da ke samar da insulin mai rage suga a jini, ciwon suga mai tsanani zai kama shi. Houssay ya ƙara cire wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda bai wuce ƙwayar wake ba, sai ciwon ya lafa. Da karnuka da kwaɗi ya nuna cewa ba insulin kaɗai ke riƙe da akalar suga a jini ba, akwai sinadaran da ke ja da shi. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1947, mutum na farko daga Latin Amurka da ya same ta a fannin kimiyya.

A 1943 gwamnatin soja ta kore shi daga jami'a saboda ya sa hannu a takardar neman dimokuraɗiyya. An yi masa tayin aiki a ƙasashen waje, ya ƙi tafiya. Ya buɗe cibiyar bincike da tallafin masu hali a 1944, ya koma kujerarsa a 1955, sannan a 1958 ya zama shugaban farko na hukumar binciken kimiyya ta ƙasarsa, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1971. Luis Leloir, wanda ya horu a hannunsa, shi ma ya ci Nobel a 1970.

Za a ce ai babu aikin yi bayan digiri. Rashin aiki laifin waɗanda suka ƙi gina ɗakunan bincike ne, ba laifin ilimin ba. Na taɓa shiga ɗakin gwaji a wata jami'a, na ga ɗalibai sun fi sittin sun yi cincirindo a kan na'ura ɗaya da kwaɗo ɗaya, na baya suna kwafar sakamako daga littafin na gaba. Wanda ya kashe ɗakin nan shi ne yau yake ɗaga murya yana cewa kwas ɗin ba shi da amfani. Abin kunya ne, kuma zalunci ne ga yara.

Jihar da ke da ABU tun 1962, da jami'ar jihar Kaduna wato KASU, da asibitin koyarwa na Barau Dikko, da cibiyar binciken ciwon sammore a cikin garin Kaduna, ba ta da hujjar da za ta kawo. A ware wa sassan kimiyyar jiki kasonsu daga kuɗin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, a buɗe wa masu digirin ƙofa a cibiyoyin bincike, attajiranmu kuma su tuna cewa sayen na'urar gwaji ma sadaka ce mai gudana.

Maƙwabciyar Yaya tana ajiye allurar insulin ɗinta a gindin randa saboda rashin wuta. Babu wanda ya isa ya gaya mini cewa tambayar yadda zafin Maris da azumi da tuwon masara ke juya sugan jikinta ba aikin 'yar yayata ba ne. Ranar Litinin ni da kaina zan raka ta rajista.