Yatsa ba ya shawagi

Makon jiya ƙanena ya turo min shafin intanet da ya gina wa wani mai atamfa a Kantin Kwari. Na buɗe shi a ofishinmu a nan Berlin, ga babban allo ga maus a hannu. Duk turmin da na ɗora kibiya a kansa, sai farashinsa ya bayyana. Abin ya burge ni. Na ce yayarmu da ke Fagge ta duba. Can sai ga muryarta: "Ni dai ban ga kuɗi ba, ina taɓawa yake kai ni wani wuri."

Yaron ya ɗaura farashin ne a kan mouseover, wato umarnin JavaScript, yaren da ake sarrafa shafukan intanet da shi, da ke tashi idan kibiya ta ratsa kan abu ba tare da an danna ba. A nan ba laifi, galibin waɗanda nake gina wa shafi suna zaune ne a tebur. A Kano fa? Mai sayen atamfar nan Tecno ce ko Itel a hannunta, daga kasuwar waya ta Farm Centre. Yatsa ko dai ya taɓa ko bai taɓa ba, ba ya shawagi. Idan ta taɓa, wayar kan kwaikwayi maus, ta aika mouseover, ta biyo da click, wato dannawa, kusan lokaci guda, shafin ya sauya kafin ido ya kama farashin.

Abin da ke ci min rai, yaranmu suna koyo daga darussan mutanen da suka saba da kwamfuta tun suna goye, suna ɗauko har da al'adar hannunsu. Alhali tun 2015 W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar da tsarin Pointer Events: umarninsa irin su pointerdown da pointermove suna jin maus, suna jin yatsa, suna jin alƙalamin taɓa allo. Click kuwa yana yi wa kowa aiki, har mai amfani da kibod kaɗai. Shi ya sa nake ganin a Kano waya ce ya kamata a fara gwaji da ita, kwamfuta ta biyo baya.

Na ce wa ƙanen nawa ya rubuta farashin ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin kowane hoto, ya ƙara girman maɓallan yadda babban yatsa zai samu wuri, sannan kafin ya miƙa aikin ya ari wayar yayarmu, mai tsagaggen gilashin nan, ya gwada sayen turmi ɗaya da kansa.